Wake Ɗari da Sittin da Takwas

Ranar da matan Dutsi suka zo, Raihana tana ɗakin Inna a zaune kan tabarma, fom ɗin rajistar kwasa-kwasai a cinyarta, ta rubuta ta goge har takardar ta kusa hujewa. Tana jin sallama ta cusa shi ƙarƙashin filo, ta ja mayafi ta rufe fuska, don yarinyar da ake nema ba ta haɗa ido da dangin miji. Su uku ne, gwaggonnin saurayinta Munzali, da ƙullin goro da alawa, muryarsu ta riga su shigowa tun daga zaure.

Saƙon Alhaji Hamma, mahaifin Munzali, suka kawo. Gidansa gidan noma ne da kiwo, kuma tun zamanin kakanni ba a biki a gidan sai an gama kai hatsi rumbu. A tara samarin da suka isa aure, a yi musu taro ɗaya, a yanka sa ɗaya, kowa ya huta. Kaka biyu ke nan ana cire sunan Munzali saboda karatun Raihana, bana kuwa har ƙannensa biyu, Harisu da Sabiru, sun shiga layi. Babbar gwaggon ta faɗi sauran saƙon tana dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Hajiya Zaituna, uwar Munzali, ta ce ba za ta zuba ido ƙanne su yi aure su bar yayansu a tsaye ba. An jira kaka biyu. Idan ta uku ta zo yarinya ba ta gama ba, to a yi haƙuri da juna, kowa ya nemi daidai da shi.

"Ai ta gama, Gwaggo," in ji Inna, tana tura musu kwanon fura. "Wannan zangon ne na ƙarshe. Kafin a gama sussukar dawa ta ajiye biro."

Raihana kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin filo. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar koyon aikin jinya, wannan gaskiya ne, amma tana ɗauke da kariyoba uku, wato kwasa-kwasan da sai ta maimaita. Biyu daga ciki bara ta faɗi su, lokacin da ta cika wa kanta kaya don ta yi sauri. Na ukun shi ne dodonta, kwas ɗin ilimin magunguna, wanda ya kayar da ita sau biyu, kuma dokar makaranta ba ta da kwana: wanda ya faɗi kwas ɗaya sau uku ya tattara ya koma gida. Idan tana so ta gama kafin kaka, sai ta haɗa ukun nan da sababbi takwas, goma sha ɗaya ke nan, ga diyutin asibiti kwana biyar a mako. Idan ta sauke wani, ba a sake koyar da shi sai irin wannan zangon na baɗi. A gida ba wanda ya sani. Duk wanda ya tambayi sakamako sai ta ce alhamdulillahi, kuma ba ƙarya ta yi ba, ana gode wa Allah a kowane hali, amma ta san sarai abin da suke fahimta.

Mai karatu zai ce to a ɗaura mana, ta ƙarasa a ɗakinta. Wannan hanyar mahaifinta Malam Nu'uman ya toshe ta da kansa. Haka aka yi wa yayarta Khairunnisa, aka aurar da ita tana aji biyu a wannan makarantar, da alkawarin za ta ci gaba. Yau 'ya'yanta huɗu, farar rigarta tana ƙasan akwati. Tun daga nan Malam ya ce Raihana ba za ta bar gidansa ba sai da takardar gamawa a hannu, kuma shi mutum ne da ba ya magana biyu.

Ranar Litinin ta kai fom ɗin wurin Sista Firdausi, malamar da ke sa wa 'yan ajin ƙarshe hannu. Gajeruwar mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci, wadda ɗalibai ke cewa ko sauro ya shiga ofishinta sai ya bi layi. Ta ƙirga kwasa-kwasan da bakin biro, ta sake ƙirgawa, sannan ta ɗago.

"Goma sha ɗaya, ga diyuti. Raihana, ke da wa za ku yi?"

"Ni kaɗai, Sista. Wallahi zan iya."

Sista ba ta ja da ita ba. Ta yagi takarda ta yi mata lissafin sa'o'in mako tsaf, ta nuna mata ƙiri-ƙiri cewa takwas ne za su shiga, uku ba su da wurin zama. Raihana ba ta ko kalli lissafin ba. Ta durƙusa a kan siminti ta fashe da kuka, ta kwashe labarin kaka da saƙon Hajiya Zaituna ta faɗa mata, tana rantsuwa tana ƙarawa. Sista ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau, kafin ta sa hannu, ta linke takardar lissafin ta cusa mata a aljihu. Ta ce doka ta ba ta mako biyu ta sauke abin da ya fi ƙarfinta, zuwa sha biyun ranar Juma'a ta sama. Bayan nan ko shugaban makaranta ba zai buɗe mata ba.

Abin da Raihana ta yi wa kanta a kwanakin nan, ko maƙiyi ya gani sai ya tausaya. Ta idar da sallar asuba ta hau karatu, bakwai tana asibiti, ɗaya ta fito da gudu zuwa lakca har shida. Abinci sai garau-garau a leda, a tsaye. Barci ta mayar da shi sa'a uku. Rannan ta yi gyangyaɗi a adaidaita, maimakon a sauke ta a unguwarsu ta Daura, kusa da rijiyar Kusugu, sai ta farka a tasha. A sallar la'asar ta rasa ko raka'a uku ta yi ko biyar. Inna tana ganin idonta ya zurma sai ta ce ai haka ƙarshen karatu yake, ta dama mata kunu. Ita kuwa duk littafin da ta buɗe sai na ƙarƙashinsa ya tsaya mata a rai, ta karanta shafi sau uku ba ta riƙe layi ɗaya ba. Tsoro ya cika ta, amma da ta tuna da Munzali sai ta ƙara ɗaure ɗamara.

A rana ta goma sha ɗaya, Alhamis, tana ɗakin yara wajen sha biyun rana. Akwai wata jaririya 'yar wata takwas da zazzaɓi ya galabaita, uwarta Bafulatana daga wajen Kongolam tana rungume da ita. Aka ce Raihana ta haɗa allurar yarinyar. Ta duba kati, ta ɗauki kwalba, bakinta yana ta bitar gwajin da za a yi musu ƙarfe biyu. Ta zuƙi magani a sirinji ta nufi gadon, ko tunawa ba ta yi ba cewa ɗaliba ba ta yin allura sai babba ya duba. Saura taku biyu ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Sista Firdausi ce, ta zo zagayen duba ɗalibai.

"Karanta mini katin," ta ce, a hankali.

Raihana ta karanta. Ta dubi sirinjin. Abin da ke ciki ninki goma ne na abin da likita ya rubuta. Sista ta karɓe sirinjin ta zubar, ta haɗa wani da kanta ta yi wa yarinyar, fuskarta ba ta nuna komai ba. Uwar, wadda ba ta san abin da ya wuce ta gabanta ba, ta ɗago ta dubi Raihana da farar rigarta ta ce, "Sannu da aiki, likita. Allah ya yi miki albarka."

Wannan addu'ar ita ta ƙarasa ta. A bayan ɗakin, kusa da famfo, ta tsuguna tana kuka har numfashinta yana sarƙewa. Sista ta tsaya a kanta, ba faɗa ba lallashi.

"Ni ban ga muguwa ba," ta ce. "Wadda ba ta yi barci ba na gani. Amma allura ba ta san bambancin ba, Raihana."

Da safiyar Juma'a, tun kafin a share ofis, Raihana tana bakin ƙofa. Ta ja layi a kan kwas uku, ta bar takwas. Ta san abin da ta ja wa layi ba kwas kaɗai ba ne.

Bayan la'asar Munzali ya zo, kamar yadda ya saba duk Juma'a. Shekara huɗu da suka wuce ragon layya ne ya tsinke masa ya faɗa gidan Malam, ya biyo shi da igiya har tsakar gida, ya tarar Raihana ta riƙe ragon a ƙaho tana yi masa faɗa kamar yana ji. Tun ranar bai fasa zuwa ba. Dogo ne mai sanyin magana, yana taya mahaifinsa cinikin dabbobi, kuma ɗakin da ya gina mata a Dutsi sau uku ke nan yana sake masa fenti. Yau ma hoton labule ya zo da shi a waya, wai ta zaɓa. Ta kasa kallon wayar. Kanta a sunkuye ta faɗa masa komai, daga kariyoba har layin da ta ja da safe.

Ya mayar da wayar aljihu. Da ya buɗe baki muryarsa ta canza.

"Kin san sunan da ake kirana da shi a kasuwar Mai'adua? Angon baɗi. Yara ma sun iya. Sau biyu ina durƙusa wa Alhaji saboda ke, Raihana. Da wane baki zan koma na uku?"

"Na san na cuce ka da na ɓoye. Amma yarinyar nan da ta mutu a hannuna…"

"Shi ne kika yanke ke kaɗai, ko kirana ba ki yi ba."

"Da na kira ka, da ka ce in daure. Ni kuma da na daure, don ba na iya ƙin maganarka."

Ya miƙe ya sa takalminsa. Ta kira sunansa, abin da ba ta cika yi ba, bai juyo ba. Tana jin ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace, sannan ta juya ta ga Inna tsaye a bakin zaure da buta a hannu, ta ji duka.

Gidan ya hargitse. Inna tana kuka tana cewa yarinyar nan ta kashe ta, da wane ido za ta kalli matan da ta ce wa an gama? Ta koma kan Malam tana roƙo, ya sassauta, a ɗaura auren ta ƙarasa daga can. Malam Nu'uman ya rufe littafin da ke gabansa ya ce faɗuwa jarrabawa ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifin, kuma maganarsa tana nan inda take. Ranar Litinin zai aika wa Alhaji Hamma, abin da suka yanke shi ke nan. Aka kira Khairunnisa, ta zo da goyo. Da Inna ta sake kawo zancen a ƙarasa a ɗakin miji, sai Khairunnisa ta ce, "Haka aka ce mini, Inna." Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Raihana ta san idan ɗan aike ya je, abin da za a ji a Dutsi shi ne 'yar boko ta sake ɗaga musu biki, shi ke nan. Ta ce da yayarta ta raka ta wurin Hajiya Zaituna. Khairunnisa ta riƙe baki. Gidan surukai, kafin aure, da ƙafarta? Wa ya taɓa jin haka? Yarinyar da ko sunan uwar miji ba ta kamawa, in sun haɗu a hanya ta canza lungu? Amma Raihana ta riga ta kai inda kunya ba ta da amfani. Ta je ta durƙusa gaban mahaifinta. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce idan gaskiya za ta kai, ta je, amma da yayarta, kuma ta faɗe ta duka.

Ranar Lahadi da hantsi suka sauka a Dutsi. An yi ruwa, gari ya yi laushi, maza duk suna gona. Matan gidan suka bar surfe suka bi su da ido, wata har da tafa hannu a hankali. Hajiya Zaituna tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma, faifai a cinya, tana tsince irin waken da za a shuka. Doguwa ce busasshiya, irin matan da aiki ya cinye musu nama ya bar ƙarfi. Ta amsa gaisuwa ba ta ɗago ba.

"Yau kuma amarya da kanta? To, zamani."

Raihana ta durƙusa nesa da tabarmar. Da ƙyar ta zaro takardar lissafin Sista Firdausi ta miƙa da hannu biyu. Hajiya ta dubi takardar ta ce ita ba ta yi boko ba, takarda ba ta yi mata magana, Munzali ya riga ya faɗa mata abin da ke akwai, kuma ta ji. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Khairunnisa ta taɓa ƙanwarta alamar su tashi. Raihana ba ta motsa ba. Idonta yana kan faifan.

"Hajiya, don Allah ki ara mini wakenki."

Sai a lokacin tsohuwar ta ɗago. Mamaki ne ya sa ta tura faifan. Raihana ta matso da gwiwa ta fara ƙirga, ashirin da huɗu, ashirin da huɗu, har kashi bakwai, ta tara su a gefen tabarma. Ta ce kowace ƙwaya sa'a ɗaya ce, wannan tarin kuwa shi ne mako, ɗari da sittin da takwas, haka Allah ya ba kowa, ba ƙari. Ta ware arba'in da biyu ta ce na barci ne, shida-shida. Ta ware ashirin da takwas, na salla da cin abinci da wanka da hanya da taya Inna aiki. Ta ware talatin na asibiti. Tarin ya ragu sosai. Matan gidan sun matso sun yi da'ira.

Ta roƙi a ba ta tsakuwa goma sha ɗaya, ta jera su, ta ce su ne darussanta. Kowane yana cin ƙwaya bakwai, uku a aji, huɗu a bita. Ta nuna tsakuwar farko ta ce wannan shi ne na magunguna, sau biyu yana kayar da ita, in ya sake an kore ta, don haka nasa sha huɗu ne. Ta shiga rabawa. Da ta zo kan tsakuwa ta takwas ta zuba mata nata, sai ƙwaya biyar suka rage a tafin hannunta, ga tsakuwa uku a zaune ba ko ɗaya a gabansu.

Hajiya Zaituna, wadda ta shekara arba'in tana auna wa gida hatsi daga rumbu ya kai su wata kaka, ba ta buƙaci a sake mata bayani ba. Amma ba mace ce mai saurin sakin wuya ba. Ta miƙa yatsa ta nuna tarin farko.

"A ɗebo daga na barci. Mu da muka yi goyo da surfe da gona, wa ya ƙirga mana barci?"

"Na ɗebo, Hajiya. Kwana goma sha ɗaya ina ɗebowa."

Nan muryarta ta karye. Ta faɗi labarin jaririyar, da sirinjin, da hannun da ya damƙe ta, da albarkar da uwar ta sa mata. Ba ta rage komai don ta gyara kanta ba. Ta ce wanda ya yi gyangyaɗi a kan turmi hatsi zai zubar, ita kuwa ɗan mutum ne a hannunta. Ta ce tana son Munzali, ta faɗa a gaban uwarsa, abin da ya sa matan suka rufe baki, kuma idan aka raba su ba ta san yadda za ta yi ba. Amma ba za ta shigo gidan nan da ran ɗiyar wani a wuyanta ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon tsakuwa ukun nan. Can ta nuna hannun Raihana ta tambayi waɗannan biyar ɗin fa, na mene ne? Raihana ta sunkuyar da kai, kunyar da ta ajiye a Daura ta dawo mata gaba ɗaya. Khairunnisa ce ta amsa, ta ce na gaishe da dangi ne, da zuwa suna ko gaisuwar mutuwa, da kuma, to, in baƙo ya zo ranar Juma'a. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta jawo wani ƙoƙo ta kwashe waken duka ta zuba a ciki daban, ta ce su tashi su kama hanya, hadari ya haɗo. Ko a gaishe da gida ba ta ce ba.

Juma'a ta zo, Munzali bai zo ba. Ta biyu ma haka. Ɗan aiken Malam ya dawo ya ce Alhaji Hamma ya ce ya ji, iyakarta ke nan. Wata maƙwabciya mai kai da kawowa ta kawo wa Inna labari cewa an fara ambaton wata yarinya a Dutsi, kuma har gari ya ɗauka cewa 'yar Malam ta je gidan surukai ta yi musu lakca. Inna ta daina fita unguwa. Raihana takan duba waya har ta gaji ta kifa ta. Ta yi kuka a kwanakin nan kamar idonta zai fita, amma wani abu ya canza. Tana barcinta shida, tana cin abinci a zaune, kuma in ta buɗe littafin magunguna abin yana zama. A gwajin farko ta ci maki mafi yawa da ta taɓa samu a kwas ɗin. Ta riƙe takardar ta rasa wanda za ta nuna wa, sai ta sake fashewa da kuka.

Juma'a ta uku, bayan la'asar, ta ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Ta fita, ta riga ta shirya wa jin cewa ya zo sallama ne. Munzali ya rame. Ya zauna a inda ya saba, ya ce ta yafe masa, ranar nan kunyar mutane ya duba bai dubi halin da take ciki ba. Ya ce mako uku Hajiya ba ta ce da kowa komai ba, shi ma ta hana shi fitowa, sai jiya ta shiga wurin Alhaji suka daɗe. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan tabarma tsakaninsu. Ƙwayar wake ce guda biyu.

"Hajiya ta ce daga cikin biyar ɗin nan, waɗannan ne nawa. Sa'a biyu duk Juma'a, har baɗi. Ta ce in na ci miki fiye da haka, ni da ita ne."

Raihana ta dubi waken, ta dube shi, ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka lokaci ɗaya. Daga bayan ƙofa aka ji Inna tana ta hamdala, ta manta cewa laɓe take yi.

Ba a ce shekarar ta zo da sauƙi ba. Da kaka aka yi bikin Harisu da Sabiru, Munzali shi ne mai raba wa baƙi abinci, abokan wasa suna kiransa angon baɗi a gaban jama'a, yana murmushi yana haɗiyewa. Raihana ta haye takwas ɗinta, har da na magunguna. Zangon ya zagayo ta ɗauki ukun da ta sauke, ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta ci. Ranar da ta kawo takardar, Malam Nu'uman ya riƙe ta yana ta dubawa, Khairunnisa kuwa ta je ta buɗe akwatinta ta ciro farar rigar nan ta ba ƙanwarta.

Da aka kai hatsi rumbu aka ɗaura aure. Washegarin kai amarya, aka raka Raihana gaishe da uwar miji, kanta a rufe, wannan karon da kunyarta cikakkiya. Hajiya Zaituna ta sa aka jawo wani buhu daga bayan ƙofa, cike da wake fari tas. Ta ce wancan na cikin ƙoƙo ne. Ta shuka shi daban a bayan gida, abin da ya bayar ta sake shukawa bana, ba ta bari an dafa ko ƙwaya ba.

"Ga sa'o'inki nan, 'yar nan," ta ce. "Biyu ne kawai babu, suna wurin mijinki."

To, 'yan'uwa masu karatu, musamman ku da ke riƙe da fom a hannu, ku ɗauki abin da makonku zai iya ɗauka, ku faɗa wa na gida gaskiya tun da wuri, ko da za ta ja muku shekara. Wanda yake son ki don Allah zai yi fushi, zai sha tsokana, amma zai jira. Raihana tana aiki yanzu a ɗakin yara, kuma har yau ba ta taɓa yin allura ba sai ta karanta katin sau biyu.